Finafinan Wuthering Heights da Rabin Labarin da Suke Binnewa

Littafin Wuthering Heights babi 34 ne, kuma Catherine Earnshaw, wadda da sunan soyayyarta ake tallar finafinan da aka yi daga littafin, tana rasuwa ne a babi na 16. Fiye da rabin labarin ke nan ana karanta shi ba ta duniya. Duk da haka, tun daga 1939 har zuwa 2026, mafi yawan masu shirya fim da suka ɗauki littafin nan a bakin kabarinta suke tsayawa, ko su ɗan gota kaɗan su haɗa ta da masoyinta Heathcliff a matsayin fatalwa biyu masu yawo a kan tsauni. Mai kallo ya tashi da hawaye, a ransa ya ga masoya biyu da duniya ta raba, mutuwa ta haɗa. Wanda ya karanta littafin kuwa takaici ne ke cika shi, kuma akan ɗauki takaicin nasa a matsayin ƙorafin nan na masu karatu da ba a taɓa gamsar da su, waɗanda ke son a zuba musu kowane shafi a allo. A ganina maganar ta wuce nan. A ƙarshen labari marubuci ke yanke hukunci, a nan ake sanin wa ya ci, wa ya biya, wa aka bari da alhaki. Wanda ya yanke rabin littafin nan na biyu ya sauya hukuncin gaba ɗaya, ya wanke mutumin da Emily Brontë ta shafe babi 18 tana nuna ɓarnarsa.

An buga littafin a Disamban 1847 da sunan aro na namiji, Ellis Bell, kuma shekara guda bayan haka marubuciyar ta rasu a garinsu Haworth da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, tana da shekara 30. Shi kaɗai ne ƙagaggen labarin da ta bari. Rabinsa na farko shi ne wanda kowa ya sani. Wani magidanci, Mista Earnshaw, ya je Liverpool ya dawo da tsintaccen yaro mai duhun fata, ba a san uwarsa ba balle ubansa, ya sa masa suna Heathcliff, ya fifita shi a kan ɗan cikinsa Hindley. Da tsohon ya mutu sai Hindley ya huce haushinsa, ya hana yaron karatu, ya mayar da shi ɗan aikin gona. Heathcliff da Catherine, ƙanwar Hindley, suka tashi tare cikin wannan wulaƙanci suka shaƙu. Tana da kimanin shekara 15 ta amince za ta auri Edgar Linton, ɗan masu arziki na gidan Thrushcross Grange, kuma Heathcliff ya ji ta da kunnensa tana cewa auren irinsa zai zubar mata da daraja. Ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗin da ba a taɓa faɗin inda ya samo su ba, ya tarar ta yi aure. Ya yaudari Isabella, ƙanwar Edgar, ya aure ta don ya ƙuntata wa yayanta. Catherine ta kwanta ciwo, ta haifi 'ya mace, ta cika a daren, ba ta kai shekara 19 ba.

Daga nan ne kyamara ke kashewa, alhali Heathcliff ya ƙara shekara 18 a duniya, kuma abin da ya yi da shekarun nan shi ne gundarin littafin. Ya riƙa ba Hindley bashi yana caca yana shaye-shaye har ya jinginar masa da gidan gado, ya mutu ba shi da ko anini. Ɗan Hindley, Hareton, maraya mai gadon gidan, ya faɗa hannun Heathcliff, shi kuwa ya rene shi da gangan cikin jahilci, ba karatu ba tarbiyya, yana bauta a gidan kakanninsa, don ya rama a kan ɗan abin da uban ya yi masa. Ɗan da Isabella ta haifa masa bayan ta gudu, Linton, yaro ne mai yawan laulayi, kuma uban bai ɗauke shi komai ba face tsanin da zai taka ya kai ga dukiyar gidan Edgar. Ya yaudari 'yar Catherine, wadda ita ma Cathy ake kiranta, ya kulle ta a gidansa lokacin da mahaifinta ke kan gargara, ya mare ta, ya yi mata auren dole da Linton. Da ciwon yaron ya tsananta ya ƙi kiran likita, ya bar yarinya ita kaɗai tana jinyar miji har ya mutu. Ya kuma sa mai haƙa kabari ya buɗe masa akwatin gawar Catherine bayan shekaru masu yawa. A ƙarƙashin dokar Ingila ta wancan zamani, abin da mace ta mallaka na hannu yana komawa ga mijinta da zarar an ɗaura aure, kuma sai a 1870 da 1882 majalisa ta gyara wannan. Da wannan dokar Heathcliff ya yi aiki. Wani lauya, C. P. Sanger, ya bi lissafin shekaru da sha'anin gado na littafin a wata maƙala ta 1926, ya nuna cewa marubuciyar ta tsara su da matuƙar kula. Wanda ke son ba da labarin shauƙi kaɗai ba ya wahalar da kansa da dokar jingina da ta gado. Brontë ta yi wannan wahalar ne saboda labarinta na cin dukiyar marayu ne, da yadda zaluncin da aka yi wa yaro guda ke gangarowa kan 'ya'yan da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi.

Ƙarshen da ta zaɓa ma ba na Heathcliff da Catherine ba ne. A saman ƙofar gidan gadon su Hindley akwai rubutu da aka sassaƙa a dutse, shekarar 1500 da sunan wani kakan gidan, Hareton Earnshaw. Hareton ƙarami ya tashi yana shiga yana fita ta ƙofar nan bai iya karanta sunansa da ke kanta ba, kuma Cathy ta sha yi masa dariya a kan haka. Daga baya, bayan ta zama bazawara kuma fursuna a gidan, ita ce ta sauke girman kai ta ba shi littafi, ta zauna tana koya masa karatu. Heathcliff ya shigo ya gan su, ya ga idanun Catherine a fuskokinsu duka biyu, sai ya ji ƙarfin ramuwar ya zare daga jikinsa daidai lokacin da komai ya zo hannunsa. Ya daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a 1802, taga a buɗe, ruwan sama ya jiƙa shi. Mutum guda ne ya yi masa kuka da gaske, Hareton, wanda ya fi kowa shan cutarsa. Gidajen biyu suka koma ga masu su, aka sa ranar auren Cathy da Hareton a ranar farko ta sabuwar shekara. Abin da ya karya gabar nan ta shekara talatin shi ne yara biyu da suka ƙi karɓar ƙiyayyar da aka bar musu gado, kuma hanyar da suka bi ita ce haƙuri da karatu. Soyayyar iyayensu, duk da zafinta, ba ta gyara komai ba.

Fim ɗin 1939 shi ya shimfiɗa turbar da saura suka bi. William Wyler ya ba da umarni, Samuel Goldwyn ya zuba kuɗi, Laurence Olivier da Merle Oberon suka fito a matsayin masoyan, kuma a Kalifoniya aka ɗauke shi. A cikinsa Catherine ba ta haihu ba, babu Cathy, babu Linton, babu Hareton. Tana cikawa ne a hannun Heathcliff a bakin taga suna hangen tsaunin da suke wasa suna yara, alhali a littafin yana waje cikin lambu lokacin da ta cika, sai mai aikin gidan ce ta kai masa labari. Sanannen abu ne a tarihin Hollywood cewa Goldwyn ya ƙi yarda fim ɗin ya ƙare da mutuwa tsagwaronta, ya dage sai an nuna fatalwar masoyan suna tafiya tare. Wyler ya ƙi ɗaukar wannan fitowa, aka sa wani ya ɗauka, da wasu mutane daban da aka nuno ta baya a madadin taurarin. Ke nan hoton da ya fi kowane zama a zukatan mutane game da labarin nan, daraktan fim ɗin ma bai amince da shi ba, mai kuɗi ne ya ƙaƙaba shi. Fim ɗin ya yi kyau, ba a musu. An tsayar da shi takarar kyautar Oscar a fannoni takwas, Gregg Toland ya ci ta ɗaukar hoto. Kyan nasa ne ma ya jawo matsalar, domin shi ya zama asalin da ake kwaikwayo, littafin ya koma baya.

A 1970 aka sake, da Timothy Dalton, aka tsaya a rabin farko, aka sa Hindley ya harbe Heathcliff don ruhinsa ya bi na Catherine. Dubi abin da wannan ya yi wa labarin: mutumin da a littafi ya cinye gidan Hindley ya bautar da ɗansa, a fim ya zama wanda Hindley ya kashe. Na talabijin da aka yi a 2009 da Tom Hardy ya shigo da yaran, amma ya ba Heathcliff bindiga ya kashe kansa, aka maye gurbin mutuwar nan ta a hankali, ta mutumin da ƙiyayya ta ƙare masa bai da abin da zai rayu a kai, da ƙarar harsashi guda. Na Emerald Fennell, da Margot Robbie da Jacob Elordi, an fitar da shi ne a tsakiyar Fabrairun 2026, daidai da ranar masoya ta Turawa, shi ma bai tsallaka rabin farko ba. Ranar da aka zaɓa kaɗai ta isa ta nuna kasuwar da ake nufi.

Hujjar farko da ake kare wannan da ita ita ce lokaci: fim awa biyu ne, ba zai ɗauki zuriya biyu ba, dole a yanke. Gaskiya ne dole a yanke, kuma fim ɗin 1992 na Peter Kosminsky, wanda ya yi ƙoƙarin kawo labarin duka, da Ralph Fiennes da Juliette Binoche tana fitowa a matsayin uwa da 'ya, ya nuna wahalar abin, don rabinsa na biyu a guje yake tafiya. Amma tambayar ita ce me ya sa kullum gefe guda wuƙar ke ci. Ba a taɓa rasa mintunan gudu a kan tsauni cikin iska ba, ba a rasa na rawa da kayan ado a gidan Linton ba. Abin da ake rasa wa lokaci shi ne yaron da aka hana karatu, da yarinyar da aka kulle, da majinyacin da aka hana likita. Da ƙarancin lokaci ne kaɗai dalili, da wani lokacin an ga an taƙaita yarantar masoyan an faɗaɗa ramuwar. Kuma BBC ta yi shi kashi biyar a 1978 ta bi littafin har ƙarshe, abin da ya nuna cewa a inda aka so, ana iyawa. Yau da ake shirya labarai masu dogon zango na awa takwas da goma, uzurin lokaci ya ƙara rauni.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa fatalwar ba Goldwyn ya ƙirƙiro ta ba, tana cikin littafin. Haka ne. Tun a farko baƙon da ya kama hayar gidan Grange, Lockwood, ya yi mafarkin yarinya tana roƙon a buɗe mata taga, kuma a babin ƙarshe ana cewa mutanen ƙauye na rantsuwa suna ganin Heathcliff da wata mace suna yawo, har wani yaro makiyayi ya zo yana kuka tumakinsa sun ƙi wucewa. Amma a lura da bakin da maganar ke fitowa. Mafi yawan labarin Nelly Dean ce ke ba Lockwood, mai aikin da ta rene yaran gidan, tana da waɗanda take so da waɗanda take ƙi, kuma ita kanta ta ce wataƙila yaron jita-jitar manya ce ta tsorata shi, ko da yake ta yarda ba ta son fita da dare. Shi kuwa Lockwood ya je ya tsaya a kan kaburbura uku, na Edgar da na Catherine da na Heathcliff, bai ga alamar komai ba. Marubuciyar ta bar abin a matsayin ji-ta-ji-ta, mai ban tsoro, ba tabbas. Kyamara kuwa ba ta iya cewa "an ce". Abin da ta nuna ya tabbata, in kuma aka ɗora masa kiɗa mai taushi ya zama sakamako mai daɗi. A littafi yawon matattun nan alama ce ta rashin samun kwanciya, makiyayi na gudu, masu rai na shirin rufe gidan su ƙaura. A fim ya koma wata irin aljanna da aka ba mutumin da ba a nuna laifinsa ba. Haka kuma kabari na uku yana ɓacewa. Edgar, mijin da ya yi jinyar Catherine ya rene 'yarta shi kaɗai, yana kwance a gefenta a littafi, amma finafinai sun mayar da shi wani shinge kawai da aka gitta tsakanin masoya.

Sai masu cewa fim fasaha ce mai zaman kanta, ba bawan littafi ba ne, kuma darakta na da 'yancin ɗaukar abin da ya ga dama. Da wannan na yarda fiye da yadda masu ƙorafi da yawa za su so. Luis Buñuel ya kai labarin Mekziko a 1954, Yoshishige Yoshida ya kai shi Japan ta zamanin da a 1988, a Indiya kuma an yi Dil Diya Dard Liya a 1966 da Dilip Kumar da Waheeda Rehman, da waƙoƙinsa da komai, irin fim ɗin da masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ba za su ji shi baƙo ba. Duk waɗannan sun sauya ƙasa, sun fito fili cewa aro suka yi, don haka ba wanda zai ce an yaudare shi. Ko cikin waɗanda suka bar labarin a ƙasarsa, yankewa ba lallai ta zama ƙarya ba. Andrea Arnold a 2011 ta tsaya a rabin farko ita ma, amma ta ba James Howson, baƙar fata, matsayin Heathcliff, ta tuna wa mai kallo cewa Liverpool ɗin da aka tsinto yaron tashar cinikin bayi ce a wancan ƙarni, ta nuna duka da taɓo da yunwa ba ado, kuma kusa da ƙarshe ta nuna Hareton yana ƙarami ya fara rataye karnuka kamar yadda ya ga ana yi. Da wannan ɗan taƙaitaccen hoto ta faɗi abin da rabin na biyu ke faɗi, cewa mugunta ta riga ta sami magaji. Ashe ana iya gajarta labarin a bar hukuncinsa. Laifin sauran shi ne sun ci moriyar sunan littafin, sun sayar da tikiti da shi, sannan sun juya ma'anarsa.

Akwai kuma wanda zai ce, a faɗi gaskiya, rabin na biyu bai kai na farko armashi ba. Linton mai ƙorafi ne da ke gundurar mai karatu, kuma soyayyar Cathy da Hareton ruwan sanyi ce in aka gwada da wutar iyayensu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma masu sharhi da dama sun faɗi haka tun da daɗewa. Sai dai wannan sanyin da gangan aka yi shi. Mai karatu ya sha zafin rabin farko ya ji daɗinsa, sannan a tilasta masa ya zauna ya ga abin da wutar ta ƙone, shekara bayan shekara, har ya fara jin kunyar sha'awar da ya yi wa Heathcliff. Wahalar karatun wani ɓangare ne na abin da littafin ke yi wa mutum. Fim ɗin da ya ɗauke wannan wahalar ya bar daɗin kaɗai ya ba mai kallo damar son azzalumi ba tare da ya ga waɗanda aka zalunta ba.

Abin mamaki, Brontë ta riga ta amsa wa finafinan nan tun kafin a ƙirƙiro sinima, kuma ta bakin Isabella ta amsa. Isabella yarinya ce da ta tashi cikin gata, ta ga baƙo mai shiru da kwarjini, ta ƙera masa wani hali a zuciyarta, ta ɗauka a ƙarƙashin kaushin nan akwai zuciya mai taushi da ke jiran wadda za ta fahimce ta. Catherine da kanta ta gargaɗe ta cewa babu wani alheri ɓoyayye a cikinsa, ta ƙi ji. A daren da suka gudu ya rataye ƙaramin karenta a gabanta, ta gani, ta bi shi duk da haka. Daga baya shi da bakinsa yake yi mata ba'a cewa ta ɗauke shi gwarzon littattafan soyayya. Ta tsere daga gidan da rauni a ƙasan kunne, na wuƙar da ya jefe ta da ita. Kuskuren Isabella shi ne ainihin abin da finafinan ke gayyatar mai kallo ya yi: ya ga kishi mai kisa ya kira shi zurfin ƙauna, ya ga mutumin da ke cutar da duk wanda ya raɓe shi ya ce ai son da yake yi ne ya yi yawa. Shi ya sa a yawancinsu ake rage matsayinta, domin in aka bar ta ta yi magana yadda ta yi a littafi, hoton ƙarshe na masoya a kan tsauni ba zai shiga ba. Wannan ya wuce gardamar masu adabi. Labaran soyayya suna koya wa matasa abin da za su kira so da abin da za su jure da sunansa, kuma littafin da aka rubuta yana gargaɗi a kan Heathcliff an shafe fiye da shekara tamanin ana tallar Heathcliff da shi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye ta wata fuska, domin hukumar WAEC ta sa littafin cikin waɗanda ɗaliban adabin Turanci za su karanta daga 2021 zuwa 2025, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗalibi da yawa, in Turancin ƙarni na 19 ya yi masa tsauri, fim yake nema ya huta. Wanda ya yi haka da na 1939 ko na 1970 bai san labarin Cathy ba, bai san yadda gidajen biyu suka koma hannun masu su ba. Mai karatu Bahaushe kuwa, wanda ya san nauyin riƙon maraya da abin da ake cewa game da mai cin dukiyarsa, ya san auren dole da rigimar gado, rabin da ake yankewa shi ne wanda zai fi ganewa ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Duk wanda ya kalli ɗaya daga cikin finafinan nan ya ji ya so Heathcliff, ya nemi littafin ya fara daga babi na 17, ya karanta har na 34, sannan ya yanke nasa hukuncin.